Dillalin Gida a Matsayin Malami: Abin da Ya Kamata a Riƙa Gani a Shafukan Masu Harkar Filaye

Dillancin gidaje da filaye a manyan biranen arewacin Najeriya sana'a ce da ta daɗe tana gudana a kan benci a bakin titi, ko a ƙofar gidan mai unguwa, inda mai nema yake zuwa da ƙafarsa, a ɗauke shi a babur a kai shi ya ga abin da ake da shi. A 'yan shekarun nan kaso mai yawa na wannan hada-hadar ya koma cikin waya, ta yadda dillalai a Kano da Kaduna da Abuja suke baje hajarsu a Facebook da TikTok da Instagram da zaurukan WhatsApp. Sai dai wanda ya bibiyi shafukan zai tarar kusan duk abu ɗaya suke ɗauke da shi, wato hoton gida, da farashi, da lambar waya, da kiran a hanzarta kafin wani ya riga. Wannan talla ce zalla, alhali mutumin da ya shafe shekaru yana tara kuɗin fili ya fi buƙatar ya san yadda zai tabbatar da cewa abin da zai biya wa kuɗi zai zama nasa.

Jarin dillali tun asali shi ne sanin abin da mai saye bai sani ba, kuma daga nan ne zargin da jama'a ke yi wa masu sana'ar ya samo tushe, domin wanda ke cin la'ada, wato kason da ake ba shi idan ciniki ya faɗa, ana ganin ba zai so a tono aibin kaya ba. Saboda haka dillalin da ya ɗauki shafinsa ya mayar da shi wurin koyarwa yana yin abin da a zahiri ya saɓa wa tsohuwar ɗabi'ar kasuwa, tunda yana ba mutane makaman da za su bincike shi da su. To amma wannan ita ce hanya mafi inganci ta samun amincewar mutumin da bai taɓa ganinsa ido da ido ba, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke zaune a Legas ko Saudiyya ko Ingila, waɗanda ke aiko da kuɗi a saya musu fili a gida.

Darasi na farko, kuma wanda ya fi cancantar a daɗe a kansa, shi ne na takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, kuma aka ba ta kariya a cikin Kundin Tsarin Mulki na 1979 da na 1999, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a. Ma'anar haka ita ce abin da mutum yake samu haƙƙin zama da amfani ne na wani wa'adi, wanda galibi shekara 99 ne ga gidajen zama, kuma takardar da gwamna ke bayarwa a kan haka ita ce shaidar mallaka da jama'a ke kira C of O. A yankunan da ba a ayyana su a matsayin birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama na gargajiya. Dokar ta kuma tanadi cewa sai da amincewar gwamna za a sayar da filin da ke ƙarƙashin shaidar gwamnati ko a jinginar da shi, batun da Kotun Ƙoli ta jaddada a 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Da yawan masu saye ba su taɓa jin wannan sharaɗi ba, suna ɗauka cewa da zarar an miƙa musu takarda mai ɗauke da sunan wani, an yi shaidu, an raba goro, magana ta ƙare.

A nan ne dillali mai son ilmantarwa yake da abin faɗa na watanni. Zai iya yin bidiyo guda a kan bambancin awon gwamnati da awon igiya, wato filin da hukuma ta tsara ta fitar da tituna da wuraren makaranta da kasuwa, da kuma gonar da mai ita ya yayyanka da kansa ya sayar da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Ba daidai ba ne a ce duk awon igiya damfara ce, domin unguwanni da dama a Kano a haka suka kafu, amma wajibi ne mai saye ya san cewa takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki, ba ta kai matsayin takardar gwamna ba, kuma arhar filin tana da dalili. Wani bidiyon kuma sai ya nuna yadda ake binciken fayil a hukumomin da ke adana bayanan filaye a kwamfuta, irin su KANGIS a Kano, da KADGIS a Kaduna, da AGIS a Abuja, domin a gano ko sunan da ke takarda shi ne ke fayil, ko an jinginar da filin a banki, ko ana bin sa kuɗin ƙasa na shekaru. Abuja ma tana buƙatar darasi na daban, saboda ƙasar Babban Birnin Tarayya tana hannun gwamnatin tarayya ne tun daga dokar 1976 da ta kafa birnin, kuma ministan birnin ne ke ba da fili, don haka takardar da wani basarake ya rubuta a ƙauyukan kewayen birnin ba ta hana a wayi gari a ga motar rusau.

Awo ma abin koyarwa ne, kuma ya fi dacewa da hoto mai motsi. Filin da ake kira hamsin da ɗari, wato ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo, bai wuce murabba'in mita 465 ba, hamsin da hamsin kuwa rabinsa ne, yayin da hekta ɗaya take da murabba'in mita 10,000, eka kuma kusan 4,047. Idan dillali ya tsaya a cikin fili da tef a hannunsa, ya kama bakin tef ɗin a kan alamar kankare da safiyo ya kafa a kusurwa, ya ja shi har zuwa ɗaya alamar yana karanta lambobin da ƙarfi, sannan ya ɗaga taswirar filin ya nuna cewa lambar da ke jikin kankaren ita ce ke jikin takarda, ya koyar da mai kallo a cikin minti biyu abin da zai hana shi rigimar kan iyaka da maƙwabci. Ya kamata kuma ya bayyana cewa ko da lissafi ya nuna hekta za ta ɗauki fuloti 21 na hamsin da ɗari, wanda ya yanka ta haka bai bar wa kowa hanyar wucewa ba.

Gidan gado shi ne inda aka fi yin kuka, kuma abin takaici shi ne inda dillalai suka fi yin shiru. Sau da yawa babban wa ne ke fito da gida kasuwa alhali ba a raba gado ba, ko akwai marayu ƙanana, ko wata 'yar'uwa da ke aure a wani gari ba ta ma ji labari ba. Mai saye yana buƙatar ya san cewa amincewar dukkan magada, ko takardar rabon gado daga kotu, ita ce kariyarsa. Akwai kuma haƙƙin shuf'a a fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci na arewa ke aiki da shi, wanda ya ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba damar karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ta hanyar biyan kuɗin da baren ya biya. A kan irin wannan batu ya fi kyau dillali ya zauna da malamin fiƙihu ko lauya a gaban kyamara, ya yi tambayoyin da abokan cinikinsa ke yi masa, ya bar masanin ya amsa. Malamin zai iya haɗawa da bayanin haramcin ɓoye aibin kaya, da na najashi, wato mutum ya taya kaya da tsada ba don zai saya ba sai don ya ingiza wani, da kuma umarnin rubuta bashi da kafa shaidu da ya zo a aya ta 282 ta Suratul Baƙara.

Sai batun wurin da filin yake. Filin da aka nuna wa mutum a watan Maris, ƙasa a bushe ƙayau, yana iya zama tafki a watan Agusta, kuma bayan ambaliyar 2022 da ta shafi yawancin jihohin Najeriya, da wadda ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024 sakamakon ɓallewar madatsar Alau, babu mai hankalin da zai raina wannan. Dillalin da ya fita da wayarsa washegarin ruwan sama mai ƙarfi, ya nuna layin danshi a jikin katangun unguwa, da inda magudanar ruwa ta toshe, da irin ciyawar da ke tsirowa a fadama, ya yi aikin da tallace-tallace ɗari ba za su yi ba. Haka nan ya dace a sanar da mutane cewa manyan layukan lantarki suna da haraba da aka hana gini a cikinta, mita 50 ga layin kilobolt 330 da mita 30 ga na 132, kuma mallakar fili ba ta wadatar wajen fara gini sai an sami izini daga hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna.

Maganar kuɗi ba ta buƙatar dogon sharhi, amma tana buƙatar gaskiya. Ya kamata dillali ya faɗi nawa ne la'adarsa da wanda zai biya ta tun kafin a je ganin gida, ya kuma bayyana makomar kafin alƙalami, wato kuɗin da ake bayarwa don riƙe ciniki, idan ɗaya ɓangaren ya fasa. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗin da ya haura naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10, don haka ɗauko kuɗin gida a buhu ya saɓa wa doka, baya ga cewa ba ya barin shaida. Ma'aikata kuma da yawansu ana cire musu kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, ba tare da sun san hanyar neman rancen gida daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ba, kamar yadda masu gudun kuɗin ruwa ba su san yadda tsarin murabaha da ijara yake aiki a bankuna irin su Jaiz ba.

Dangane da yadda za a gabatar da duk wannan, Hausar da ake magana da ita a kasuwa ta fi Turancin lauyoyi isar da saƙo, kuma murya ta fi rubutu tasiri a al'ummar da ta saba da sauraron rediyo, shi ya sa saƙon murya na WhatsApp yake kaiwa ga dattawa da matan aure da ba sa leƙa sauran shafuka. Batu ɗaya a kowane bidiyo ya wadatar. Abin da ke buƙatar taka-tsantsan shi ne nuna takardun mutane, domin ɗora hoton shaidar mallaka da sunan mai ita da lambar fayil a fili tamkar miƙa wa ɓarawo mabuɗi ne, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta hana yaɗa bayanan mutum ba bisa ƙa'ida ba. Wajibi ne kuma dillali ya san iyakarsa, tunda ƙiyasta darajar kadara a hukumance aikin masana ne da ke da rajista da hukumar ESVARBON da aka kafa a 1975, awon ƙasa aikin safiyo ne mai lasisi, rubuta yarjejeniyar sayarwa kuma aikin lauya. Tunda kuɗaɗen rajista da ƙa'idojin hukumomin filaye suna sauyawa daga jiha zuwa jiha da kuma daga gwamnati zuwa gwamnati, ya kamata kowane bayani ya zo da ranar da aka yi shi da jihar da ya shafa, kuma a sauke tsohon bidiyo da zarar ƙa'idar da ke cikinsa ta daina aiki.