Rubutun Labari na Haɗin Gwiwa a Azuzuwan Tamale

Rubutun haɗin gwiwa shi ne ɗalibai su gina labari guda a intanet, wani ya ƙirƙiro tauraro, wani ya ɗora, wani ya gyara. Dandalin African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, yana ba malami damar rubuta ko fassara littafin yara mai hotuna kyauta, abin da ya dace da Tamale, inda Dagbanci ya rinjaya, ake jin Hausa a zango da kasuwa, alhali da Turanci ake jarrabawa. Sai dai inda kwamfuta ta yi ƙaranci, aji kan taru a kan wayar malami, masu baki su kwashe labarin, mai kunya kuwa ya tashi bai sa ko jimla ɗaya ba.