Kafin Ki Ce Wa Yara "Za Mu Abuja": Yadda Ake Shirya Hutun Iyali Na Farko

 A wannan wata za mu tattauna ne a kan wata buƙata da ta fara shigowa gidajenmu a ƙasar Yauri, Ngaski da Shanga, wato roƙon da yara suke yi na a kai su babban wurin wasa idan an yi hutun makaranta. Sun gani a talabijin, sun gani a wayar yayyensu, wani kuma ɗan ajinsu ne ya je Abuja ya dawo yana ba su labarin lilon da yake kai mutum sama har ya hango gari. Daga nan sai magiya ta tashi, kuma galibi ke uwa ake fara tunkara, domin ke ce tsani tsakaninsu da maigida.

Wannan buƙata ba laifi ba ce. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma tsaya mata ta kalli wasan mutanen Habasha a masallaci har sai da ta gamsu. Sai dai tafiya irin wannan tana cin kuɗin da gida ya daɗe yana tarawa, tana kuma fitar da ƙananan yara kan doguwar hanya. Saboda haka nasararta ko akasin haka a gida ake yanke ta, tun kafin a shiga mota. Ma'aunin kuwa abu uku ne: a dawo lafiya, a dawo ba bashi, a dawo ba wanda zuciyarsa ta sosu.

Wane irin wuri ne?

Irin waɗannan wurare sun shahara ne daga Amurka, inda aka buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya a 1955, sannan aka buɗe wanda ya fi shi girma a jihar Fulorida a 1971. A nan gida, wanda ya fi suna a kusa da mu shi ne wanda aka buɗe a Abuja a 2007 da sunan Wonderland, daga baya aka mayar da sunansa Magicland. Yana nan kusa da ƙofar shiga birnin, daura da babban filin wasa na ƙasa. Abin da ake samu a irin waɗannan wurare shi ne manyan lilo masu aiki da injin, dawakan roba masu kewayawa, ƙananan motoci da yara suke tuƙawa suna karo da juna, da kuma shagunan abinci da na kayan wasa.

Abu na farko da ya kamata ki gane shi ne, wurin kasuwa ce. An tsara shi yadda duk inda yaro ya juya zai ga abin da zai ce a saya masa. Sau da yawa kuɗin shiga daban, kuɗin hawa kowane lilo daban, abincin ciki kuma ya fi na waje tsada. Wadda ta shiga ba tare da sanin wannan ba, kafin Azahar jakarta ta yi wayam, yara kuma ba su gaji ba.

Kada ki yi alƙawari kafin ki yi lissafi

Alƙawari kaya ne, musamman ga yaro. Idan kin ce masa "hutun nan za mu je" sannan aka fasa, ba tafiyar kaɗai ya rasa ba, har da wani ɓangare na yardar da ya yi wa maganarki. Don haka ki fara zama da maigida, ku biyu, a lokacin da hankalinsa yake kwance. Ku ɗauko takarda ku rubuta abubuwa shida: kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, abinci, zirga-zirga a cikin gari, kuɗin shiga da na wasanni, sai kuma na ko-ta-kwana. Wannan na ƙarshe kada ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na jimlar, kuma ba a taɓa shi sai mota ta lalace ko yaro ya kwanta.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya daina zama wuri ɗaya, saboda haka kada ki dogara da labarin wadda ta je bara. A je tasha a tambayo, a kuma sa wani ɗan uwa da ke Abuja ya leƙa wurin ya ji kuɗin shiga, da ranakun da suke buɗewa, da ko suna barin a shiga da abinci.

Idan lissafi ya fito, ki duba ta ina kuɗin zai fito. Mu mutanen bakin ruwa Allah Ya hore mana lokutan samu: bayan an sayar da albasa, bayan an sheƙe shinkafa, ko lokacin da kifi ya yi kasuwa. A ware wani abu a lokacin, ko ki shiga adashi da wannan niyya, ko a ajiye asusu yara ma su riƙa jefa nasu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cin bashi, ko sayar da hatsin da gida zai ci, ko taɓa kuɗin makaranta saboda yawon yini ɗaya. Daidai ruwa daidai tsaki. Idan bana bai isa ba, baɗi na nan.

Wa zai je, wa zai zauna?

Wannan ce tambayar da ta fi haddasa rigima, kuma ita ce aka fi kauce wa. A gidan da ke da mata biyu ko uku, in aka kwashi ɗaki ɗaya aka bar sauran, to an shuka abin da zai daɗe ana girba. Sunnar Manzon Allah (SAW) ita ce idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. Haka nan ya ƙi zama shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa shi kaɗai ba tare da sauran 'yan uwansa ba. Ki ba maigida shawara a yi tsari a fili: ko a yi ƙuri'a, ko a yi karɓa-karɓa, ko a ɗauki yara bisa shekaru daga kowane ɗaki. Kada kuma a manta da ɗan riƙo ko marayan da ke gidan, domin shi ne zai yi shiru, amma shi ne abin zai fi yi wa ciwo.

Ta fuskar shekaru, yaron da bai kai shekara huɗu ba ba zai mori wurin sosai ba, kuma da wuya ya tuna. A manyan lilo ana auna tsawon yaro kafin a bar shi ya hau. Ki gaya wa ƙananan wannan tun a gida don kada a yi kuka a bakin layi. Sannan ki tabbata akwai babba ɗaya ga kowane yara biyu ko uku.

Lokaci da hanya

Dogon hutu na watan Agusta yana faɗowa ne tsakiyar damina, kuma Abuja ta fi mu ruwan sama. Idan hadari ya taso akan tsayar da injinan wasa, ga hanya ta lalace. Hutun Disamba ya fi daɗin tafiya, sai dai a tanadi rigunan sanyi da man shafawa, a kuma kauce wa ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara. Haka ma kwanakin bikin Sallah: cunkoso ne da turereniya, rabin yinin a layi zai ƙare. Ranar aiki a tsakiyar mako ita ce ta mai iyali.

Hanyar da aka saba bi daga Yelwa ita ce ta Kontagora, Tegina, Zungeru, Minna, Suleja, sannan Abuja. Tafiyar yini ce. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu sassan wannan hanya sun yi fama da 'yan bindiga a shekarun nan, mu kanmu ba mu manta da abin da ya faru a makarantar tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ba. Don haka a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon tafiyar, a shiga motar tasha mai rajista ba ta bakin titi ba, a tashi bayan gari ya waye, kada a yi tafiyar dare. Idan aka ce hanya ba daɗi, a ɗaga tafiyar ba tare da jin kunyar kowa ba.

'Yan uwanmu da sai sun ƙetaro ruwa kafin su hau mota, su ƙetaro tun ana gobe, da rana, su kwana a gari. Haɗarin jirgin ruwan da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya isa darasi. Kada ki saka 'ya'yanki a jirgin da aka yi wa lodin da ya wuce ƙima, kuma ki nemi rigar kariya ga kowane yaro.

Guzuri da masauki

Ki yi guzurin da ba ya lalacewa: dambun kifi, ƙuli-ƙuli, cincin, dabino, soyayyen nama, da ruwa mai tsabta. Ki haɗa ƙaramar jakar magani mai ɗauke da maganin zazzaɓi na yara, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, da maganin duk wanda yake da ciwo na dindindin. Ki riƙe 'yan leda saboda mai amai a mota. A raba kuɗi gida biyu, wani a hannu wani a kati, kada a tara su a jaka ɗaya.

Masauki a tsakiyar Abuja yana da tsada. Yawancinmu muna da dangi a Suleja, Madalla, Zuba ko Kubwa. Idan can za ku sauka, a sanar da su tun da wuri, a faɗi yawanku da kwanakin da za ku yi, a kuma riƙa musu tsarabar gida: busasshen kifi, albasa, shinkafa. Kwana biyu ko uku ya isa. Ɗakunan birni ƙanana ne.

Ranar shiga

A ci abinci a ƙoshi kafin a fita, a isa da wuri kafin rana ta yi zafi. Ki rubuta sunan mahaifin yaro da lambar waya a takarda ki saka a aljihun kowane ƙarami. Da kun shiga, ki nuna musu wuri ɗaya sananne ki ce duk wanda ya ɓace ya tsaya a nan, ko ya nemi ma'aikaci mai kayan aiki, kada ya bi baƙo. Ki gaya wa kowa adadin lilon da zai hau, ya zaɓa da kansa. Wannan ma tarbiyya ce, domin yana koya masa cewa kuɗi suna da iyaka.

Maganar sutura tana da muhimmanci ta fuska biyu. 'Yan mata su saka wando a ƙarƙashin riga, saboda iska tana ɗaga tufafi a kan lilo. Dogon hijabi mai jan ƙasa kuma injin yana iya kama shi, kamar yadda muke gani a ƙafar babur, saboda haka a saka matsakaici, a tattare shi kafin a zauna. Ki duba da idonki an ɗaure wa yaro bel. Mai juna biyu da mai hawan jini ko ciwon zuciya su haƙura da masu juyi da gudu. Yaron da ya ce yana jin tsoro kada a tilasta shi, kada kuma a bari 'yan uwansa su yi masa dariya.

Sallah kuma kada ta salwanta a cikin hayaniya. Tafiyarku ta zarce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, wanda malamanmu na Malikiyya suka ƙiyasta da mil 48, kuma matuƙar ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, za ku mayar da sallolin raka'a huɗu zuwa biyu. Ki riƙe sallaya da 'yar buta, ki tambayi wurin sallah da zarar kun shiga, ki tsara wasan yadda Azahar da La'asar za su zama lokacin hutu da cin abinci.

Kada lilo ya cinye tafiyar duka

Yini ɗaya ya isa wurin wasa. Rana ta biyu ki kai su abin da ba ya cin kuɗi sosai amma yana zama a rai. A hanya za su ga Dutsen Zuma, sai ki fito da takardar naira 100 ki nuna musu hotonsa. Akwai Babban Masallacin Ƙasa, akwai lambun Millennium Park wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamban 2003, inda za ku shimfiɗa tabarma ku ci guzurinku. Ki saya wa kowane mai iya rubutu ƙaramin littafi ya rubuta garuruwan da aka wuce. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma sai ga wanda aka buɗe wa ido.

Idan kuwa Abuja ta yi nisa ga aljihu a bana, ki fara da na kusa. Akwai bikin Rigata a nan Yauri, akwai gidan tarihi na Kanta a Argungu, akwai kuma bakin tafkin da muke gani kullum, wanda yawancin 'ya'yanmu ba su san cewa madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ce ta haifar da shi ba, har ta sa aka tashi garuruwa kamar tsohuwar Bussa. Fita ta yini ɗaya irin wannan za ta nuna miki wane yaro ne mota take juya wa ciki, wane ne mai sulalewa, kuma nawa ake kashewa a zahiri.

Daga ƙarshe, 'yar uwa, a ware kuɗin tsaraba ga waɗanda suka zauna a gida, ko da alewa ce, a kuma ja kunnen waɗanda suka je kada su mayar da labarin abin gori ga 'ya'yan maƙwabta. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.