Gaskiya ko Jita-jita: Ruwan da ke Wanke Iskar Gas

Iskar gas ba ta cika fitowa daga rijiya da tsarkinta ba. Sau da yawa tana tahowa da baƙi biyu, kabon dayoksaid da haidirojin salfaid, waɗanda in suka haɗu da laima sai su koma asid su cinye bututu. Wanka ake yi mata a raba ta da su: a turo iskar ta ƙasan wata doguwar hasumiyar ƙarfe, a kwararo ruwan sinadari ta sama, su yi kiciɓis a tsakiya.

Maganar da na fi ji ita ce wai ruwan nan kashe baƙin yake yi. Jita-jita ce. Ɗan dako ne kawai. Wanda aka fi amfani da shi sunansa amin (ba na addu'a ba), kuma tun 1930 wani Ba'amurke, R. R. Bottoms, ya yi rajistar dabarar. A zafin digiri 40 ko kusa da haka, amin yana cafke baƙin ya ɗaure su tamau. Sai a kai shi hasumiya ta biyu a dafa shi da tururi har wajen digiri 120, ya sauke kayan, ya huce, ya koma bakin aiki. Haka yake zagaye dare da rana. Baƙin kuwa suna nan daram, an dai tara su wuri guda. Kamun ba shi da wuya. A dafuwar nan kuɗin masana'anta ke ƙonewa.

To, tunda amin ya fi riƙo, ai ya fi kowane ruwa ke nan? Ba ko'ina ba. Akwai ruwan da ba ya ɗaure komai, shanye iskar kawai yake yi, kamar yadda lemon kwalba ke riƙe da gas ɗinsa muddin murfi na kai. Ɓalle murfin ka ji "fss", kumfa ta taso har wuyan kwalba. Haka shi ma, da an sassauta matsi sai ya amayo mafi yawan abin da ya sha, ba sai an hura masa wuta sosai ba. Iya matsi iya cinsa, sanyi kuma na ƙara masa ci. Shi ya sa tsarin Rectisol, wanda kamfanonin Jamus Lurgi da Linde suka ƙirƙiro, yake sanyaya metanol zuwa kusan digiri 40 ƙasa da sifili. Da shi Sasol ta Afirka ta Kudu take wanke iskar da take cirowa daga kwal tun shekarun 1950. Amma kai shi bakin bututun hayaƙin tashar lantarki, inda babu matsi, sai ya zama ɗan kallo. Nan fagen amin ne.

Jita-jitar da ke kisa kuwa ita ce wai hanci ya isa mai gadi. Gaskiya ne haidirojin salfaid na warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma da ya kai kusan kashi 100 cikin miliyan sai ya kashe jin wari, mutum ya ɗauka iskar ta wuce. Ga shi ya fi iska nauyi, kwari yake bi ya kwanta. A Disambar 2003 wata rijiya ta ɓalle cikin dare a Kaixian ta ƙasar Sin, mutum 243 suka mutu.

Sai masu cewa abin da aka cire shara ne. Haidirojin salfaid dai ana juya shi ya zama farar wuta ta dabarar Claus ta 1883, kuma yawancin farar wutar duniya yau daga mai da gas take fitowa. Kabon dayoksaid ne ƙaddararsa ta rabu. A masana'antu da yawa iska ake sakar wa shi, wannan kam ba a musu. A Sleipner ta ƙasar Norway, tun 1996 ake danna shi ƙarƙashin teku. A masana'antar taki kuwa, wanda aka cire wajen haɗa amoniya shi ake sake aurar wa amoniyar, a samu yuriya. Wani sashe na farar ƙwayar da manomi ke barbaɗa wa masararsa da damina, ta cikin irin wannan hasumiya ya biyo.