Shiga Kyauta, Fita da Asara: Abin da Masu Gwajin Sabuwar Manhajar Waya ke Tararwa

Ranar 3 ga Janairun 2024 kamfanin Apple ya saki sigar gwaji ta biyu ta iOS 17.3. Ba a jima ba koke-koke suka cika kafafen sada zumunta. Mutum ya danna sabuntawa, waya ta mutu don ta sake tashi, sai ta maƙale, 'yar da'ira na ta juyawa a baƙin allo, ba gaba ba baya. Cikin 'yan sa'o'i Apple ya janye sigar. Daga baya masu bin diddigi suka danganta matsalar da Back Tap, wato tsarin nan da ake ƙwanƙwasa bayan waya sau biyu ko uku don ta ɗauki hoton allo ko ta buɗe wata manhaja. Waɗanda abin ya rutsa da su sai da suka nemi kwamfuta da igiyar caji kafin wayoyinsu su farfaɗo, wanda kuwa bai ajiye kwafin kayansa ba ya kwana da fargabar rasa komai.

Duk da irin wannan, kowace shekara matasa na rububin ɗora sigar gwaji, wadda aka fi sani da beta, don su riga kowa ganin sabon abu. Shigarta ba ta ɗaukar minti biyar, kuma kyauta ce. Abin da da yawa ba sa tambaya shi ne yadda ake fita.

Mece ce sigar beta?

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da waya baki ɗaya: Android a wayoyin Pixel, Samsung, Tecno, Infinix da sauransu, iOS kuma a iPhone. Kafin kamfani ya saki sabuwar siga ga duniya, yakan miƙa ta ga masu son gwadawa su yi amfani da ita na watanni, su gano kurakuran da injiniyoyinsa ba su gani ba. Wannan sigar da ba a gama ginawa ba ita ce beta.

Apple na bin jadawali kusan iri ɗaya duk shekara. A watan Yuni, a taronsa na WWDC, yakan nuna sabuwar iOS ya kuma saki sigar farko ga masu ƙirƙirar manhajoji. Ta gama-gari kan biyo baya a Yuli, cikakkiyar kuma a Satumba. A da sai mai biyan dala 99 a shekara ke samun sigar masu ƙirƙira, amma daga 2023 duk wanda ya yi rajista da asusunsa na Apple na iya ɗora ta kyauta. Tun daga nan sigar da ta fi kowace ɗanyanta ta zo hannun kowa.

A ɓangaren Google, Android 16 ta fara da sigar masu ƙirƙira a Nuwamban 2024, beta ta farko ta fito a Janairun 2025, cikakkiyar kuma ranar 10 ga Yuni. A tsakani akwai matakin da Google ke kira Platform Stability, wanda Android 16 ta kai a beta ta uku cikin Maris. Daga wannan mataki ƙa'idojin da manhajoji ke dogaro da su ba sa sake canzawa, sai gyaran kurakurai kawai. Beta ta farko da ta huɗu suna ɗaya, amma halinsu ba ɗaya ba ne.

Batir da zafi

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne na batir. Wayar da ke kai mai ita har dare sai ta nemi caji kafin la'asar, bayanta ya ɗau zafi ko ba a taɓa ta ba.

Wani ɓangare na wannan ba cuta ba ne. Bayan kowace babbar sabuntawa waya kan yi aiki a ɓoye: ta sake tsara bayanan da ake nema ta wajen bincike, ta sake bin hotuna ɗaya bayan ɗaya, ta daidaita manhajoji da sabon tsarin. Wannan kan ɗauki kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki. Sigar gwaji kuma na da ƙarin nauyi, domin tana rubuta bayanan duk abin da ke faruwa a cikinta saboda injiniyoyi su samu abin dubawa.

A ƙasar Hausa yanayi ma na ƙara wa wutar fetur. Apple ya ce an ƙera iPhone don ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin salshiyas ba, alhali a bazara zafin Kano, Sakkwato ko Zinder kan haura 40. Wayar da ke fama da aikin ɓoye a irin wannan rana kan rage hasken allo da kanta, ta rage gudu, ko ta dakatar da caji har sai ta huce.

Maganin farko shi ne haƙuri. A bar wayar a caji cikin dare, a cire mata riga, a ajiye ta inda iska ke ratsawa. Idan an yi kwana uku abin bai sauya ba, a shiga shafin batir a Settings a ga manhajar da ta fi shan caji. Sau da yawa manhaja ɗaya ce da ba ta jitu da sabon tsarin ba. A sabunta ta, ko a hana ta aiki a bayan fage, ko a cire ta zuwa wani lokaci.

Ranar da manhajar banki ta ƙi buɗewa

Zafin batir ɓacin rai ne kawai. Abin da ke taɓa aljihu shi ne manhajar banki. Irin waɗannan manhajoji kan binciki wayar da suke kai kafin su buɗe, a Android ta hanyar tsarin Google da ake kira Play Integrity. Idan babbar manhajar ba ta cika sharuɗɗan da suka gindaya ba, sai su rufe ƙofa. Wasu kuma suna buɗewa amma su mutu da zarar an kai wajen tura kuɗi, saboda masu su ba su riga sun gyara su don sabuwar sigar ba. Ba su kuma da dalilin gaggawa, tunda sigar ba ta fito a hukumance ba.

Ga mai sayar da kaya ta WhatsApp da ke jiran shigar kuɗi kafin ya ɗora kaya a mota, ko ɗalibin da zai biya kuɗin makaranta a ranar ƙarshe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da za a iya yi kaɗan ne: a sabunta manhajar, a share tarkacen ajiyarta a Android, a sake kunna waya. Cire ta a sake ɗorawa na da haɗari, domin bankuna da yawa kan nemi a sake tantance wayar da lambar OTP, wani lokaci har da bayanan katin cirar kuɗi. Idan duk bai yi ba, sai a koma lambobin USSD, waɗanda ba ruwansu da sigar babbar manhaja, a jira beta ta gaba.

Idan waya ta sandare

Kurakuran beta da yawa, kamar allon da ya daina jin taɓi, kyamarar da ta yi baƙi, ko Bluetooth da ke yankewa, kan tafi da zarar an tilasta wa waya sake tashi. A iPhone 8 zuwa sama, ana danna maɓallin ƙara sauti a saki, a danna na rage sauti a saki, sannan a riƙe na gefe har tambarin Apple ya bayyana. A Samsung ana riƙe na rage sauti tare da na gefe fiye da daƙiƙa bakwai. A Pixel ana riƙe na kunnawa kamar daƙiƙa 30.

Masu Android na da wata dabara, wato Safe Mode, inda waya ke tashi ba tare da manhajojin da mai ita ya ɗora ba. Idan matsalar ta ɓace a nan, laifin wata manhaja ce. Idan tana nan daram, na babbar manhajar ne. Matsalar sabis ko Wi-Fi kuwa kan warware idan aka mayar da saitin sadarwa yadda ya zo, sai dai hakan na share kalmomin sirrin Wi-Fi da aka adana.

Idan iPhone ta maƙale a tambarin Apple, sai an haɗa ta da kwamfuta an sa ta a Recovery Mode. Nan za a ga zaɓi biyu, kuma a nan ake tafka kuskure. Update na ƙoƙarin sake ɗora manhajar ba tare da taɓa kayan mutum ba. Restore na share komai. Mai gyaran waya da layi ya yi masa yawa zai iya danna na biyun ba tare da ya tambaya ba, don haka mai waya ya faɗi abin da yake so tun kafin ya miƙa ta.

Ƙofar fita

Komawa tsohuwar siga na nufin share wayar tas. Google ya faɗi haka ƙarara a shafin rajistarsa: wanda ya janye daga shirin a tsakiyar tafiya za a turo masa sabuntawar da za ta goge duk abin da ke wayar. A Samsung ana komawa ta manhajar Smart Switch a kwamfuta, ita ma da gogewa.

A iPhone akwai tarko na biyu. Kwafin ajiyar da aka yi a kan sabuwar siga ba ya hawa kan tsohuwa. Wanda ya ɗora beta ya bar iCloud na ci gaba da yin kwafi kowane dare, sabon kwafin zai maye gurbin tsohon, ranar da ya koma baya ya tarar babu wanda zai yi masa amfani. Shi ya sa Apple ke ba da shawarar a yi kwafi a kwamfuta kafin shiga, a kuma killace shi yadda wani ba zai hau kansa ba. Agogon Apple Watch ya fi tsanani, domin idan aka ɗora masa beta, mai shi ba zai iya mayar da shi baya da kansa ba.

Tarko na uku shi ya fi kama mutane a nan gida. Wayar da aka share kan nemi kalmar sirrin asusun Google ko na Apple da ke kanta kafin ta buɗe, kariya ce daga ɓarayi. Mutane da yawa kuwa a shagon da suka sayi waya aka buɗe musu asusun, ba su taɓa riƙe kalmar sirrin ba. Wasu ma wayar hannu ce da ta zo da asusun tsohon mai ita. Irin wannan waya idan aka share ta tana iya zama dutse, kuma ko a Farm Centre da ke Kano ba kowace ake iya cetowa ba.

Akwai hanyar fita ba tare da asara ba, sai dai tana son jira. A iPhone a kashe Beta Updates a shafin Software Update, a zauna a kan sigar da ake kai har cikakkiyar ta fito. A Pixel, lokacin fita shi ne da zarar cikakkiyar sigar ta sauka a waya, kafin a ɗora beta ta zagaye na gaba da Google ke turo wa duk wanda bai janye ba.

Hanyar bayan gida

Ba kowace ƙasa ake buɗe wa gwaji ba. Da Samsung ya fara na One UI 7 a Disambar 2024, wayoyin Galaxy S24 a ƙasashe shida kawai ya ɗauka: Koriya ta Kudu, Amurka, Birtaniya, Jamus, Indiya da Foland. Ganin babu Najeriya ko Nijar, wasu kan bi ta bayan gida, su sauko da fayil daga wani zauren Telegram su yi wa waya filashin. Fayil ɗin da aka yi wa wani samfurin na iya kashe sabis ko ya hana waya tashi, kuma ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki. A Samsung, ɗora manhajar da ba ta kamfani ba na ƙona alamar tsaro ta Knox har abada, Secure Folder da Samsung Wallet su daina aiki ko da an koma manhajar asali. Gwaji na gaskiya ta hanyar kamfani yake zuwa: Samsung Members, shafin beta na Google, ko Settings na iPhone.

Aikin mai gwaji

Beta aiki ce da mutum ya ɗauka ba albashi, kuma tana da amfani ne idan ya kai rahoto. A iPhone akwai Feedback Assistant, a Pixel akwai Android Beta Feedback. Rahoto mai kyau na faɗin abin da aka danna, abin da aka zata zai faru, da abin da ya faru, tare da hoton allo.

Kamfanonin na saurare. A 2021 Apple ya mayar da wajen rubuta adireshi na Safari ƙasan allo a gwajin iOS 15, ƙorafi ya yi yawa, kafin fitar cikakkiyar sigar ya ƙara zaɓin mayar da shi sama. A Yunin 2025 masu gwajin iOS 26 sun koka cewa sabon salon Liquid Glass ya sa ba a iya karanta Control Center sosai, a beta ta biyu aka ƙara dusashe abin da ke bayansa.

Wanda ke da waya ta biyu, da kwamfuta, da kalmar sirrinsa a ka, da isasshiyar data don sauko da gigabait da dama, ya gwada ya ji daɗinsa, zai fi kyau ya jira beta ta uku ko ta huɗu. Wanda kuwa waya ɗaya ce bankinsa, shagonsa da ajinsa, watanni uku ne kawai tsakanin Yuni da Satumba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.