Zagayen Tarihi a Birnin Daura: Daga Kusugu Zuwa Kangiwa

Daura ba ta da teku, amma ta daɗe tana yin irin aikin da tashar jiragen ruwa take yi wa mutanen gaɓa, domin tana kan hanyar fatake da ta tashi daga Kano ta bi ta Damagaram zuwa Agadas, inda a da ayarin raƙuma kan sauko da gishiri da kanwa, su koma da hatsi da fatu da rinannun tufafi. Don sanin tarihin nan nata, ya fi dacewa baƙo ya zaga birnin a ƙafa tare da jagora, wato ɗan gari wanda ya san unguwanni da labarinsu.

Zagayen yakan faro daga rijiyar Kusugu, wadda a yau take cikin gini, inda masu kula da wurin kan zura guga su ɗebo wa baƙo ruwa ya sha, kana su ba shi labarin Bayajidda, baƙon da aka ce ya fito daga Bagadaza, ya sa maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya kashe macijin da yake hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya kuma auri sarauniyar garin, Magajiya Daurama. Daga zuriyarsa ake jingina asalin Hausa Bakwai, wato Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Masana suna ɗaukar labarin a matsayin tarihin baka, wanda aka gada ta hanyar ji ba rubutu ba, kuma jagora na ƙwarai yakan fayyace wa baƙonsa hakan ba tare da ya rage darajarsa ba.

Daga nan sai Kangiwa, wato fadar Sarkin Daura, inda ake adana takobin da ake dangantawa da Bayajidda. A nan ne ya kamata a daɗe, domin abin takaici ne yadda baƙi da yawa kan koma gida da labarin maciji kaɗai, alhali tarihin da ya biyo baya ya fi shi tabbas. A shekarar 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarkin garin na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fice, zuriyarsa suka kafa sarautu a Zango da Ɓaure, har zuwa farkon ƙarni na 20 da Turawan Ingila suka maido da Malam Musa kan gadon kakanninsa, al'amarin da ya bambanta Daura da Kano da Katsina. Masanin nan M. G. Smith ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1978.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal, sa'ad da sarki yake hawa tare da hakimansa.