Ruwan shato a hannun ɗan kasuwa: ina kuɗin bido suke zuwa?

A ƙauyuka da yawa na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, mai kula da shaton ruwa yanzu ɗan kasuwa ne da ya sa hannu a kwangila da ma'aikatar magajin gari. Wasu masu saurare, har da ƴan uwanmu mazauna Libiya, Abijan da Legas, suna tambaya: shin an sayar da ruwan gari ne? Amsa ita ce a'a. Rijiyar burtsatse, shato, bututu da famfuna duk dukiyar komin ce. Tafiyar da aikin kawai aka ba shi, na wasu ƴan shekaru da aka rubuta a takarda.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kominoni suka fara riƙe harkokin garuruwansu, kuma dokar ruwa ta 2010 ta buɗe musu hanyar damƙa aikin ga ɗan kasuwa ta hanyar kwangila. Kafin nan kwamitocin gari ke tattara kuɗi. Wasu sun yi ƙoƙari, amma a wurare da dama kuɗin kan tafi a rance, ko biki, ko ƴar kunya tsakanin dangi. Ranar da injin ya lalace sai a tarar asusu wayam, mata su koma rijiya da guga, yara su bar lakwal suna jan amalanke neman ruwa.

Yadda aikin ya rabu

Hannu uku ke riƙe da wannan tsari. Komin ita ce mai kaya: ita ke kiran ƴan kasuwa su yi takara, ta zaɓi ɗaya, ta sa ido a kansa. Ɗan kwangila shi ke sayen gazuwal ko kula da farantan hasken rana, ya biya mai tada inji da masu saida ruwa a famfo, ya yi ƙananan gyare-gyare daga aljihunsa. Na uku ita ce ƙungiyar masu amfani da ruwa, wadda ake kira AUSPE, bakin talakawa ke nan. Sau da yawa ana haɗa ƙauyuka da dama a kwangila guda, don ribar babban gari ta ɗauki nauyin ƙaramin ƙauye da ba ya saida ruwa sosai.

Lissafin bido

Mu ɗauki misali. Mita kub ɗaya lita 1000 ce, wato bido 50 masu lita 20. In ana saida bido dala biyu, mita kub ta ba da dala ɗari ke nan, sefa 500. Wannan kuɗi ba na ɗan kwangila ba ne duka. Wani kaso ana zuba shi a asusun sabunta kaya da faɗaɗa bututu, wani ya tafi sashen ruwa da tsabta na komin, wani kuma ga masu binciken lissafi. Abin da ya rage ne yake biyan ma'aikata da mai, ya ci ribarsa.

Asusun sabuntawa shi ne ƙashin bayan tsarin. Injin da ke cikin rijiya yana da shekarunsa, dole wata rana ya mutu. In ana zubi kowane wata, sai a sayo sabo cikin kwanaki. In ba a zuba ba, ko an ciro kuɗin an yi wata hidima da su, gari zai yi watanni cikin ƙishi yana jiran taimako.

Inda ake samun tangarɗa

Akwai ɗan kwangilar da ke ɓoye yawan ruwan da ya saida. Maganinsa kwantar: a karanta ta bakin rijiya da ta kowane famfo a gaban wakilin ƙungiya, a rubuta. Akwai kuma manyan gari da ma'aikatu da ke shan ruwa ba sa biya, bashin ya taru har ɗan kwangila ya gudu. Da damina ma ciniki yakan faɗi, saboda mutane suna komawa tabki, abin da ke jawo gudawa ga yara.

Tun watan Afirilu na 2024 da aka rushe majalisun kominoni, jami'an riƙo da aka naɗa ne ke wakiltar komin. Kwangila da komin aka ƙulla ta, don haka canjin shugaba ba ya soke haƙƙin jama'a na sanin lissafi.

Abin da ya kamata ku tambaya

A taron gari, ku nemi a karanta muku kwangila da Hausa. Nawa aka tsaida farashin bido? Kwana nawa aka ba ɗan kwangila ya gyara in ruwa ya tsaya? Nawa ke cikin asusun sabuntawa, a wane banki, su wa ke sa hannu kafin a cire?

Ƴan uwa na ƙetare da ke haɗa kuɗi don gina shato a gida, ku tuntuɓi komin da ma'aikatar ruwa ta gunduma tun kafin a fara haƙa. Ku tabbatar an rubuta wanda zai tafiyar da shi da yadda za a tara kuɗin gyara, tun kafin ranar da za a buɗe famfo.