"Akwai Namu A Ciki?": Yadda Ake Rabon Kujerun Kwamishinoni

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba.

Ranar da aka fitar da sunayen kwamishinonin Kano a watan Yunin 2023, ina zaune a teburin mai shayi a Karaye. Wani abokina ya fizge wayata, ya bi sunayen nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Bai tambayi wane ne ya iya aiki ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Akwai namu a ciki?" To yau kan wannan tambayar za mu tsaya.

Mu fara da doka. Sashe na 192 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamna ne ke zaɓo kwamishinoni, majalisar dokokin jiha ta tantance su. Sashe na 14(4) kuma ya ce a kula da bambancin al'ummar jihar wajen naɗi. Gyaran da aka yi a 2023 ya ba gwamna kwana 60 daga rantsuwa ya miƙa sunaye. Amma ku lura: a tarayya dole kowace jiha ta samu minista, a jiha kuwa babu inda aka ce kowace ƙaramar hukuma sai ta samu kwamishina. Kano na da ƙananan hukumomi 44, sunayen farko da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya aika majalisa kuwa 19 ne. Ko ya aka raba, fiye da rabi za su tashi hannu rabbana.

To da wane ma'auni ake rabon? Nan ne maganar haɗin gwiwa ke shigowa. A wasu ƙasashe kamar Jamus, jam'iyyu kan zauna bayan zaɓe su rubuta yarjejeniya, kowa ya san ma'aikatar da zai riƙe. Mu a nan, yawanci kafin zaɓe ake haɗuwa, a shiga inuwar jam'iyya ɗaya, kowane gida da jagoransa da yaransa. Tuta ɗaya ce, amma tukwane da yawa ne a kan murhu. Alkawarin kuma da baki ake yi, a falo, cikin dare.

Ku tuna 2022. Kwankwaso ya shiga NNPP, Kawu Sumaila da wasu suka taho daga APC, Malam Ibrahim Shekarau ma ya shigo a watan Mayu. Kafin watan Agusta ya ƙare Malam ya fice, yana kukan ba a ba mutanensa takarar da aka yi alkawari ba. Kun ga tun kafin a ci zaɓe rabo ya raba tafiya. Waɗanda suka zauna har aka yi nasara kuwa, kowa da lissafinsa. Shi ya sa jerin kwamishinoni yake kama da takardar biyan bashi: wannan na jagora ne, wannan na waɗanda suka sauya sheƙa, wannan na Kano ta Kudu, wannan na mata, wannan na ƙwararru.

Kuma kujerun ba nauyinsu ɗaya ba. Ma'aikatar ayyuka, ta kuɗi da ta ƙananan hukumomi su ne masu tsoka. A 2023 mataimakin gwamna ne da kansa, Aminu Abdussalam Gwarzo, ya riƙe ta ƙananan hukumomi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku darajarta.

Idan aka ƙi rabon fa? Maƙwabtanmu sun gani. A 1979 Balarabe Musa ya ci gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, har da Zariya da Katsina, a jam'iyyar PRP, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisa. Ya ƙi sa 'yan NPN a gwamnatinsa, su kuma duk jerin da ya aiko sai su mayar masa. Haka ya yi mulki kusan shekara biyu babu kwamishinoni, har suka tsige shi a watan Yunin 1981. A daidai lokacin, Abubakar Rimi a Kano bai sha wannan wahalar ba, don majalisarsa ta PRP ce. Darasin shi ne, gwamna ke rubuta sunaye, amma ƙofar tana hannun majalisa.

A nan ne maganar ta dawo gida. Majalisar da aka rantsar a 2023, ɗan majalisar Rogo, Jibrin Isma'il Falgore, ta zaɓa kakaki. Wato wanda ya jagoranci tantance sunayen nan, ƙuri'ar mutanenmu ce ta kai shi. Mun taɓa tambayar me aka tambayi mutanen kafin a ce sun wuce?

Ni dai ga matsayata. Ba laifi ba ne mu so ganin namu a ciki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma kada mu yi wa rogo kallon kitse, 'yan Rogo ku yi haƙuri da karin maganar! Kwamishina ɗan garinku zai iya zuwa ya tafi, ba abin da ya canza sai katangar gidansa. Kujerar ma ba gado ba ce: a Disambar 2024 an sauke sakataren gwamnati da kwamishinoni biyar a rana ɗaya. Manomin rani da ke gefen madatsar Challawa, abin da ya dame shi wa ke riƙe da noma da ruwa, kuma nawa aka ware masa a kasafi, ko da mutumin daga Doguwa ya fito.

Don haka duk ranar da sabon jeri ya fito, mu yi tambaya uku. Wa ya kawo wannan mutumin, wa zai yi wa biyayya? Wace ma'aikata aka ba shi, ya santa kuwa? Me ke cikin kasafinta na Karaye da Rogo?

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa: ɗan gari ko mai iya aiki, in dole sai ɗaya, wa za ku ɗauka? Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.